Awo da Rigar Wani

Masu kai ɗinki iri biyu ne. Akwai wanda zai tako da ƙafarsa har shago, ya tsaya a miƙe, tela ya zare tef daga wuya ya bi shi gaɓa-gaɓa: kafaɗa, ƙirji, hannu, wuya, tsawon riga, kugu, cinya, ƙafar wando, yaron shago yana rubutawa a tsohon littafin nan da bangonsa ya sha maiƙo. Akwai kuma wanda ba shi da wannan lokacin. Sai ya ƙunshe yadi biyar na shadda a leda tare da tsohon kaftani, ya miƙa wa yaro ya ce, "Kai wa Malam tela, ka ce ya ɗinka daidai wannan." Sau da yawa ana dacewa. Amma duk telan da ya daɗe a kan keke ya san inda rigimar jajibirin Sallah take fitowa. Ko dai rigar da aka aiko ta shekara uku ce da suka wuce, Alhaji ya ajiye tumbi tun daga lokacin, ko kuma ba tasa ba ce ma, ta ƙaninsa ce, wai ai tsawonsu ɗaya. Almakashi kuwa ba ya komawa baya. In an yanka, an yanka.

Asibitin zamani, a Kano yake ko a Landan, ya fi karkata ga hanya ta biyu, kuma ba lalaci ne ya sa ba. Jama'a sun yi yawa, lokaci ya yi kaɗan, dole a sami abin da za a ɗora kowa a kai cikin hanzari. Saboda haka riga biyu ya rataye a bango, ta maza da ta mata. Tun a tagar yankar kati za a cika akwati ɗaya a takarda, daga nan kwamfuta ta karɓi aiki. Wannan akwatin shi zai faɗi gwajin da za a yi maka da wanda za a tsallake, da wasiƙar da za a aiko maka gida, da ɗakin da za a kwantar da kai, har da abin da zai fara faɗo wa likita a rai in ka ce cikinka na ciwo. Ga mafi yawan mutane ɗinkin yana fita daidai, shi ya sa ba mai lura cewa da rigar wani aka auna shi.

Akwai mutanen da duk rigunan biyu ba sa shigarsu. An haife su da jikin mace, suka taso suna jin kansu maza, daga baya suka koma rayuwa a matsayin maza: suna, sutura, takardun shaida, komai. Da yawansu suna karɓar sinadarin testosteron, ko ta allura ko ta man shafawa, kuma yana aiki ba da wasa ba. Murya ta yi kauri, gemu ya tsiro, tsoka ta ƙaru, jinin al'ada ya ɗauke, galibi cikin wata shida na farko. Wasu ana yi musu tiyata a cire nono. Waɗanda ake cire wa mahaifa ba su kai su yawa ba, waɗanda ake yi wa tiyatar al'aura kuwa sun fi ƙaranci. To ga mutum da gemu, da katin shaida mai cewa namiji, amma mahaifa da bakinta da ma'ajiyar ƙwai suna nan inda suke. A cikinsu akwai waɗanda sha'awarsu ga maza take, akwai masu sha'awar maza da mata duka. A kansu nake magana, kuma a Amurka da Ingila da sauran ƙasashen Turai aka fi rubuta labarinsu, don can ne doka ta bar su su fito fili har a iya ƙirga su.

Na san akwai mai karatun da tuni ya yi a'uziyya. Hukuncin addini a kan waɗannan al'amura ba ɓoyayye ba ne a wurinmu, malamai kuma ba su gaza faɗa ba. Ba shi na ɗauko yau ba. Abin da na ɗauko shi ne mutumin da ya iso ƙofar asibiti da ciwo a jikinsa, da abin da ya wajaba a kan wanda ke bayan tebur. Kuma maganar ba ta yi mana nisan da muke zato ba. 'Ya'yanmu likitoci da ma'aikatan jinya da suka karanta a Zariya da Kano da Sakkwato da Yamai, da yawa yanzu suna aiki a asibitocin Ingila da Amurka da Kanada da Faransa. Ranar da irin wannan mara lafiya ya zauna a gabansu, ba wanda zai ba su minti goma su je su yi tunani.

A watan Mayu na 2019, mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine ta buga wani labari da likitocin Jami'ar Mishigan suka rubuta. Wani mutum ne ɗan shekara 32, saurayinsa ya kawo shi sashen gaggawa, mararsa na murɗawa tun awanni, ta kama ta saki. Bai ɓoye komai ba. Ya gaya wa ma'aikaciyar da ke tantance marasa lafiya cewa da jikin mace aka haife shi, cewa ya daina shan testosteron da maganin hawan jini tun da inshorar lafiyarsa ta yanke, cewa ya yi shekaru bai ga al'ada ba. Ya ce da safen ya yi gwajin ciki a gida ya nuna akwai, amma yana ganin kamar kuskure ne. Ya ƙara da cewa fitsari ya zubo masa a wando. Ma'aikaciyar ta duba kwamfuta, ta ga an rubuta namiji. Ta dubi wanda ke gabanta, ta ga ƙaton mutum mai ƙiba wanda ya bar shan maganin hawan jini. Ta rubuta a yi gwajin ciki, ba ta ƙi ba, amma ta sa shi a layin waɗanda za su iya jira.

Sai bayan awanni likita ya ga sakamakon. Ciki ne tsoho. Abin da ya zubo ba fitsari ba ne, faya ce ta fashe. Murɗar marar naƙuda ce, igiyar cibiya kuma ta riga jariri saukowa, abin da kowace ungozoma ta san ba ya jira. Aka garzaya da shi ɗakin tiyata, amma jaririn bai zo da rai ba. Waɗanda suka rubuta labarin ba su ce ma'aikaciyar muguwa ba ce, ni ma ban ce ba. Abin da suka nuna shi ne, da mace ce ta shigo da waɗannan alamomi, ciwon mara mai kamawa yana saki, hawan jini, ruwa ya zubo, gwajin ciki ya nuna, da ba ta zauna a benci ba. Duk bayanin yana hannu. Rigar da aka ɗora shi a kai ce ba ta da wurin ciki.

Wannan ya kawo mu ga kuskuren da ya fi yawo, a bakin marasa lafiya da bakin wasu likitocin ma: wai tunda jini ya ɗauke, ciki ba zai shiga ba. Testosteron ba maganin hana ɗaukar ciki ba ne. A 2024 masu bincike a ƙasar Holan suka duba ma'ajiyar ƙwai da aka cire wa mutum 52 masu shan sinadarin, waɗanda duk al'adarsu ta ɗauke, suka tarar 17 daga ciki, wato kashi ɗaya bisa uku, suna da alamar sun saki ƙwai kwanan nan. Ga wanda abokin kwanansa namiji ne mai maniyyi, wannan ba ƙaramin labari ba ne. Ga shi kuma sinadarin yana iya yi wa ɗan tayi illa, dole a dakatar da shi in ciki ya shiga, kuma mutumin da ba ya jiran al'ada ba shi da abin da zai ce ya yi ɓatan wata. Hanyoyin tazarar haihuwa da matanmu suka sani, ashanar hannu da allurar wata uku da robar mahaifa, duk suna aiki a nan, ba sa karo da testosteron. Matsalar ita ce ba a yi masa tayi, don ba wanda ke kallon mai gemu ya tuna da ashana.

Bakin mahaifa ma haka. Kusan duk sankarar bakin mahaifa ƙwayar cutar HPV ce ke jawo ta, ana kuma ɗaukarta ta saduwa, kuma ita ba ta karanta katin shaida. A Ingila ana gayyatar mata masu shekara 25 zuwa 64 gwaji, ta wasiƙar da kwamfuta ke fitarwa da kanta. Kwamfutar kuwa waɗanda aka rubuta mata take bi. Shekara da shekaru, da zarar mutum ya sauya rajistarsa a wurin likitan unguwa zuwa namiji, wasiƙar ta daina zuwa, shiru, ba sallama. Sai dai shi ya tuna, ya je ya roƙa, ya sake bayanin kansa tun daga farko ga wanda ke kan waya.

In ma ya je, akwai sauran aiki. Testosteron yana rage sinadarin mata a jiki, sai fatar cikin gaba ta yi siriri, ta bushe, ta riƙa tsagewa da zubar jini da ɗan abu kaɗan. Na'urar da ake buɗe gaba da ita don a ga bakin mahaifa, wadda mata da yawa ma ba sa ƙaunarta, a nan azaba ce ta gaske. Ƙara da cewa mutum ne da ya yi shekaru yana kawar da kai daga wannan sashe na jikinsa, yanzu an ce ya kwanta ya buɗe ƙafa a ɗakin da aka liƙa hotunan masu juna biyu. Bayan duk wannan, sai sakamako ya dawo a ce samfurin bai karantu ba, a sake zuwa. Cibiyar lafiya ta Fenway da ke Boston ta ƙirga a 2014: kusan kashi 11 cikin 100 na samfuran da aka ɗauka daga irin waɗannan maza ba su karantu ba, alhali na mata kashi 1.3 ne. Wa zai koma karo na biyu? Gyaran kuma ba wani abin a zo a gani ba ne. A yi amfani da ƙaramar na'ura. A ba shi man istirojin, wato sinadarin mata, ya shafa a wurin na 'yan makonni kafin gwaji, wanda ba ya taɓa gemu ko murya. A rubuta wa ɗakin gwaje-gwaje cewa mai samfurin yana kan testosteron. Ko kuma, wanda ya fi sauƙi, a miƙa masa tsinken auduga ya shiga bayi ya ɗauko samfurin da kansa. Ostareliya ta buɗe wa kowa wannan zaɓi tun Yuli 2022, Amurka ta amince da shi a cikin asibiti a 2024. A raina nakan ce, wannan tsinken ko matanmu na ƙauye da kunya ke hana su zuwa gwaji, da ya ceci da yawa. Nijeriya dai ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV a Oktoba 2023, amma iyayensu mata gwaji suke buƙata.

A da can ma, awon da rigar wani ya fi haka muni, don har zuciya ake aunawa da ita. Lou Sullivan, wanda aka haifa a Milwoki a 1951, ya koma San Faransisko a 1975 yana neman likitocin da za su taimaka masa ya rayu a matsayin namiji. Shirin Jami'ar Stanford ya ƙi karɓarsa. Dalili? Ya faɗa musu gaskiya cewa maza yake so. A lissafin likitocin wancan zamani, wanda zai zama namiji dole mata yake so. In maza yake so, to ya zauna a mace mana, me ya yi zafi? Wato sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, yadda mutum yake jin kansa da wanda zuciyarsa ke so. Da yawa kafin shi ƙarya suka yi suka wuce. Shi ya ƙi. Ya sami likitoci masu zaman kansu, ya fara testosteron a 1979, ya yi ta rubuta wa masana wasiƙu yana cewa ga ni, ina nan, ku gyara littafinku. A 1986 ya kafa ƙungiyar irinsa da ta zama FTM International. Cutar ƙanjamau ce ta kashe shi a 1991, yana da shekara 39, a tsakiyar annobar da ta share maza masu neman maza a birnin. Likitoci sun ce irinsa babu. Ƙwayar cutar ba ta yi wannan gardamar ba.

A kan ƙanjamau ɗin nan ne misalin tela ya fi zama daram, don magani ma a jikin wasu ake yanka shi. Tun 2012 Amurka ta amince da ƙwayar Truvada a matsayin rigakafi, abin da ake kira PrEP: mai lafiya ya riƙa sha don kada ya kamu. Daga baya wani bincike da aka yi a Faransa da Kanada, mai suna IPERGAY, wanda sakamakonsa ya fito a 2015, ya nuna ba lallai sai an sha kullum ba. Ƙwaya biyu tsakanin awa 2 zuwa 24 kafin saduwa, ɗaya bayan awa 24, ɗaya kuma bayan awa 48. Kamuwa ta ragu da kashi 86 cikin 100. Maza masu neman maza suka karɓe shi hannu bibbiyu, ya zama abin da aboki ke koya wa aboki. To amma a jikin wa aka auna? A jikin waɗanda saduwarsu ta dubura ce. Maganin yana taruwa a naman dubura da sauri kuma da yawa, a naman farji kuwa a hankali yake taruwa, kuma kuskuren kwana ɗaya ko biyu ya fi tsada a can. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta amince da wannan tsari a 2019, ta ware masu saduwa ta gaba, ta ce su kullum za su sha. Yanzu ka ɗauki mutuminmu. Yana cikin maza, abokansa maza, asibitin da yake zuwa na maza masu neman maza ne, takardar bayanin da aka miƙa masa an rubuta ta don su. Ya ga kowa na biyu-ɗaya-ɗaya, shi ma ya bi sahu. In ba a tambaye shi ta ina yake saduwa ba, an sallame shi da riga mai kyau wadda ba ta rufe inda ake so ta rufe ba, ga fatar wurin kuma testosteron ya riga ya sirantar da ita.

Haka aka sake yi a 2019 da sabuwar ƙwaya, Descovy. An gwada ta a jikin maza da waɗanda aka haifa maza suka koma mata, ba a sa masu farji ba, don haka hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita ban da masu saduwa ta gaba. Mata suka yi ƙorafi, da gaskiyarsu. Waɗannan mazan kuwa suka yi biyu babu: binciken maza bai ɗauke su ba don jikinsu, binciken mata bai ɗauke su ba don sunansu. Sai a gwajin allurar lenakapabir, wadda ake yi sau biyu a shekara, aka kira su da gangan. Gwajin mai suna PURPOSE 2, da aka yi a ƙasashe bakwai har da Afirka ta Kudu da Barazil da Tailan, ya haɗa da su, kuma a cikin mutum fiye da 2,000 da aka yi wa allurar, biyu kacal suka kamu. Amurka ta amince da ita a Yuni 2025. Wani abu da yake hana wasu karɓar rigakafin shi ne tsoron kada ya kashe musu ƙarfin testosteron, wanda a wurinsu ya fi komai. Ba ya kashewa. Jimla ɗaya ce daga bakin likita, amma sai ya san ana tsoron kafin ya faɗe ta.

Sauran cututtukan saduwa ba sai na daɗe a kansu ba. Ciwon sanyi da danginsa sukan zauna a maƙogwaro ko dubura ba tare da wata alama ba, don haka gwajin fitsari kaɗai ba ya kama su. Ana ɗaukar samfuri ne daga duk inda aka yi amfani da shi. Wanda kuma ya yi zargin ya haɗu da ƙanjamau, akwai maganin gaggawa na kwana 28, muddin an fara cikin awa 72.

Abin da ya fi wuyar aunawa shi ne na zuci. A 2009 Jae Sevelius ta Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko ta wallafa hirarrakin da aka yi da irin waɗannan maza, kuma kukan da ya fi fitowa shi ne babu wata takardar wayar da kai da ta yi magana a kan irin saduwar da suke yi. Amma akwai wani abu a ƙarƙashin wannan da ya fi tsaya mini a rai. Mutum ya sha wuya kafin a kira shi namiji. Ya shiga cikin maza masu neman maza yana ɗar-ɗar, bai san ko za a karɓe shi ba, bai san lokacin da ya kamata ya faɗi yadda jikinsa yake ba: a saƙon farko, ko bayan an saba, ko sai an shiga ɗaki, inda faɗar ke iya jawo zagi ko duka. Sai ga wani ya karɓe shi, ya so shi a matsayin namiji. Wannan wanin ya ce shi ba ya son kwaroron roba. Mutane da yawa a binciken sun faɗi cewa a irin wannan lokaci bakinsu yakan mutu, don tsoron kada a fasa. Ƙara da cewa testosteron yana ɗaga sha'awa sosai a watannin farko, wasu ma sai a lokacin suke gane cewa maza suke so, suna da shekara talatin amma a wannan fage sababbin shiga ne, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya yi musu bayani. Ba sai ka yarda da rayuwar mutum ba kafin ka gane wannan rauni. Duk wanda ya taɓa ganin amarya ta haɗiye abin da ke cutar da ita don kada a ce ba ta iya zaman aure ba, ya san yadda neman karɓuwa ke rufe baki.

Akwai inda bai kamata likita ya yi koyi da tela ba. Shagon tela majalisa ce. Ana awo ana shela: "Kugu arba'in da huɗu! Alhaji, wannan karon sai an ƙaro yadi." 'Yan zaman benci su kwashe da dariya, Alhaji ma ya yi, a wuce wurin. A asibiti shela kisa ce. A ɗaga murya a kira tsohon sunan mutum na mata a ɗakin jira, mai gemu ya miƙe kowa ya bi shi da kallo. Ko a kira ɗalibai su zo su ga abin mamaki. Ko mutum ya zo da ciwon kunne a tsare shi da tambayar yadda al'aurarsa take. Babban binciken da aka yi a Amurka a 2015, wanda mutum 27,715 masu sauya jinsi suka amsa, ya nuna kashi 23 cikin 100 sun ƙi zuwa wurin likita a shekarar da ta gabaci binciken alhali suna buƙata, don tsoron wulaƙanci. A can ke nan, inda ba ɗauri. A Nijeriya, bayan da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi a Janairu 2014, mai ɗaurin shekara 14, masu bincike da ke bin maza masu neman maza a wani asibiti a Abuja sun ga masu cewa suna tsoron neman magani sun tashi daga kashi 25 zuwa 38 cikin 100. Mujallar Lancet HIV ta buga wannan a 2015. Kowane ra'ayi mutum yake da shi a kan dokar, wanda ya guje wa gwaji bai daina ɗauke da cuta ba, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan maza suna da mata a gida.

Asibitocin da suka ƙware a wannan aiki, irin Fenway a Boston da 56 Dean Street a unguwar Soho ta Landan, ba wani sihiri suke yi ba. Akwatin namiji ko mace yana nan, ba su goge shi ba, ni ma ban ga dalilin gogewa ba, tunda yana yi wa yawancin jama'a aiki. Abin da ake ƙarawa shi ne wani shafi a fayil inda ake rubuta gaɓoɓin da mutum yake da su a yau: mahaifa tana nan ko an cire, bakinta fa, ma'ajiyar ƙwai fa, nono fa, don ko an yi tiyatar ƙirji akan bar ɗan nama wanda sankara ke iya kamawa. A sabunta shafin duk lokacin da aka yi wata tiyata, don awon bara ba lallai ya yi bana ba. Sannan a rufe ƙofa a yi tambayoyi, da murya irin wadda ake tambayar mutum ko yana shan taba. Da wane suna zan kira ka? Wannan sashe na jikinka, da wace kalma kake so mu ambace shi? Su wa kake saduwa da su, kuma wane irin jiki gare su? Ta ina? Da kwaroro ko babu? Yaushe ka yi allurar testosteron ta ƙarshe? Akwai wanda ke tilasta maka abin da ba ka so? Wasu likitocin kunya ke hana su, su ce kada su ɓata wa mara lafiya rai. A ganina kunyar tasu ce, ba tasa ba. Shi da ya zo har nan ya riga ya shirya amsa, abin da yake jira shi ne ya ga ko fuskarka za ta canja. In kuwa ya ce mahaifa tana nan, abokin kwanansa kuma namiji ne, ga shi yana riƙe da mara, to kafin hoto, kafin allurar kashe zafi, kafin a ce ya koma benci, gwajin ciki ne farko, kuma a tsaya a kansa har sakamako ya fito.